Yadda za ka ɗauki hotunan kasuwannin abinci da rayuwar titi a Guangzhou

Duk Bahaushen da ya shiga kasuwar cefane a Guangzhou da kyamara rataye a wuya, an gan shi tun daga bakin ƙofa. Mai kifi za ta ɗago kai, mai nama ya dakata da sara, yaro ya ja rigar kakarsa yana nuni. Shawarar da aka saba bai wa masu hoton titi, wai mutum ya saje da jama'a ya ɗauka ba a ankara ba, ba ta yi wa mai baƙar fata aiki a nan. Don haka hanyar da zan shimfiɗa maka ta bi ta wani gefen: tunda ba makawa sai an gan ka, to a gan ka sosai, a san fuskarka, a saba da kai, har a gaji da kallonka kowa ya koma kan sana'arsa. Daga lokacin ne hoto yake fara samuwa.

Na zaɓi Guangzhou saboda nan ne yawancin 'yan kasuwarmu suke sauka idan sun je ƙasar Sin. Da yawa sun san otel, sun san shagon mai kaya, sun san ofishin mai lodin kwantena, amma garin da ke bayan waɗannan wurare, inda mutane ke sayen alayyafo da kifi da safe, ya wuce su. Abin takaici ne, domin Guangzhou gari ne da ya shahara a duk faɗin Sin da sha'anin ci, kuma rabin rayuwarsa a bakin titi ake yin ta.

Kafin ka tashi

Idan zaɓin lokaci yana hannunka, ka nufi Oktoba zuwa Disamba. Ruwa ya ɗauke, zafi ya ragu, hasken rana yana shigowa a karkace cikin lunguna. Daga Afrilu zuwa Satumba ruwa ne da gumi, ga guguwar teku da kan taso tsakanin Yuli da Satumba. Wajen Maris kuma akwai kwanakin da danshi ke sa bango da tayil su riƙa tsiyaya kamar an watsa musu ruwa. Baje kolin Canton (tsohon sunan da Turawa ke kiran Guangzhou), wanda ake yi tun 1957, yana zuwa sau biyu a shekara, Afrilu zuwa farkon Mayu da Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kuma kuɗin otel yana tashi sosai a makonninsa. Idan tafiyarka ta faɗo kusa da sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa, wadda ke zuwa a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, kwanakin da suka gabace ta sun fi kowane lokaci armashi: kasuwannin furanni suna ci har dare, ko'ina bishiyoyin lemo ne a tukwane da jajayen takardu. Da ta shiga kuwa, rumfuna da yawa suna rufewa, masu su sun tafi ƙauyukansu.

Ka shirya wayarka tun kana gida. Google, WhatsApp, Facebook da Instagram ba sa buɗewa a intanet ɗin cikin ƙasar. Ka sauke Amap don taswira, WeChat da Alipay don biyan kuɗi da magana, da manhajar fassara wadda ke aiki ko babu intanet. Tun 2023 WeChat da Alipay suna karɓar katin bankin ƙasashen waje, amma ka gwada naka kafin ka dogara da shi, kuma ka riƙe ƙananan takardun yuan 1, 5, 10 da 20. Doka ta hana ƙin karɓar tsabar kuɗi, sai dai mai rumfa ba lallai ne tana da canjin yuan 100 ba.

Fasfo ya kasance a jikinka kullum. Otel zai yi maka rajistar masauki, amma idan gidan wani ka sauka, dole ka yi rajista a ofishin 'yan sanda na unguwar cikin awa 24. Hoton da kake ɗauka don kanka ba ya buƙatar wata takarda. Aikin jarida kuwa, wato ɗauka da hira don gidan rediyo ko talabijin ko jarida, yana da bizarsa ta daban mai harafin J, kuma kada ka yi shi da bizar kasuwanci.

Kayan aiki

Ka rage kaya iya ragewa. Kyamara ƙarama guda, gilashi guda mai tsawon 28mm ko 35mm, batir biyu, katin memori biyu, da ƙyallen goge gilashi. Babbar kyamara mai dogon gilashi tana sa mai rumfa ya zaci daga hukuma kake ko daga jarida, kuma duka biyun ba alheri yake tsammani daga gare su ba. Waya ma ta isa, muddin za ka yi aiki da babbar kyamararta ka matsa da ƙafarka maimakon jawo hoto da yatsa.

Takalmi ya zama rufaffe mai kama ƙasa, domin daɓen ɓangaren kifi kullum a jiƙe yake. Wutarsu volt 220 ce, kusan kamar tamu, amma soket ɗinsu bai karɓar filogi mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Najeriya, sai ka zo da adafta. Batura da fawa banki a jakar hannu ake shiga da su jirgi, kuma tun ƙarshen Yunin 2025 ba a barin fawa bankin da ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta gwamnatin Sin, a jiragen cikin gida na Sin. A kowace tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ana wuce da jaka ta na'urar bincike, saboda haka mai kyamarar da ke aiki da fim ya cire fim ɗin ya riƙe a hannu.

Wani abu da ke cin mutane da yawa: ka fito daga ɗakin otel mai sanyin na'ura zuwa titi mai gumi, gilashin kyamara ya yi hazo, gogewa ba ta magani. Ka bar ta a rufe cikin jaka na kamar minti 20 har ta ɗauki ɗumin waje kafin ka fito da ita.

Inda za ka nufa

Ka fara da gundumar Liwan, tsohon gari na yamma. Ka sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Huangsha, inda layi na 1 da na 6 suka haɗu, ka taka zuwa kasuwar Qingping. Tun ƙarshen shekarun 1970 take ci, kuma yau an fi saninta da kayan maganin gargajiya da busassun abubuwa: buhunan laimar kwaɗi iri-iri, saiwoyi, busasshen ɓawon lemo da ake ajiyewa shekaru don darajarsa ta ƙaru, dabinon Sin ja, da ƙananan halittun ruwa da aka shanya. Wuri ne mai kyau ga mai farawa, domin kayan ba sa motsi, masu su kuma a zaune suke suna tsince-tsince da awo. Tsallaken titi akwai tsibirin Shamian, inda Ingila da Faransa suka yi unguwarsu a ƙarni na 19. Yana da kyau don hutawa a inuwa, amma ni ban ba ka shawarar ka ƙone safiyarka a can ba, hoton da ke wurin kowa ya riga ya ɗauke shi.

Daga nan ka hau arewa ta titunan Enning da Baohua da Dishifu. Gine-ginen wannan yanki suna da baranda mai ginshiƙai da ta rufe hanyar masu ƙafa, Sinawa suna ce musu qilou. An yi su ne don kare mutane daga ruwa da rana, kuma ga mai hoto babbar ni'ima ce: haske a gefe guda, inuwa a ɗaya gefen, ginshiƙai suna yanka maka hoton gida-gida. Titin Yide, wanda ke da tasharsa a layi na 6, shi ne na masu sarin busassun kayan teku da kayan ƙwalama, ga 'yan dako suna tura amalanke shaƙe da kwalaye, ga babbar majami'ar dutse da aka kammala a 1888 tana leƙowa ta bayan shaguna.

Sai dai kasuwar da ta fi duk waɗannan amfani gare ka ita ce ƙaramar kasuwar nama da ganye ta unguwar da ka sauka. Kusan kowace unguwa tana da tata, yawanci a ƙasan wani dogon gini. Ba sai ka tambayi kowa ba: da misalin ƙarfe bakwai na safe ka bi bayan tsofaffin mata masu jan ƙaramar jaka mai taya, za su kai ka. Ta fi amfani ne saboda ita ce za ka iya komawa kowace safiya ba tare da ka kashe awa guda a hanya ba.

Idan kana son cunkoso da duhu, ka sauka a Gangding a layi na 3 ka shiga Shipai, tsohon ƙauye da birni ya haɗiye. Benayen sun matsu har ana cewa maƙwabta na iya gaisawa da hannu ta taga, kuma rana tana saukowa ne kamar zare tsakanin rufi da rufi. Can ne ma'aikata 'yan ci-rani da ɗalibai suke zama, abinci yana da araha, kekunan lantarki na masu kai saƙo suna wucewa ta jikinka ba ƙara. Ka riƙa duba bayanka kafin ka ja da baya don gyara hoto.

Lokaci kuma biyu ne. Ka yi Asuba ka fita. A Yuni rana tana fitowa kafin ƙarfe shida, a Disamba sai wajen bakwai. Kasuwar unguwa tana cika daga bakwai zuwa goma, ta yi sanyi da rana har wasu masu rumfa su kifa kai su yi barci, sannan ta sake tashi wajen biyar na yamma idan ma'aikata sun taso.

Ka zama abokin ciniki tukuna

Wannan shi ne matakin da ya fi duk sauran nauyi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A zagayen farko kada ka ɗaga kyamara. Ka bar ta a rataye a fili, ka zaga kasuwar daga farko har ƙarshe, kana lura da abu uku: ta ina haske yake shigowa, wace rumfa ce ta fi hada-hada, kuma wa ya yi maka murmushi. A zagaye na biyu ka yi sayayya wurin wanda ya yi murmushin. Ayaba, lemo, gyaɗa, ko lychee, wani ɗan itace mai jan ɓawo da zaƙi, idan a Yuni ne, duk abin da za ka iya ci a tsaye. Farashin da ke rubuce a kwali na ma'aunin da suke kira jin ne, wato rabin kilo, kada ka ɗauka na kilo ne ka shiga gardama. Kuma ka bar dogon tayi a kan 'yan kuɗi kaɗan. Abin da kake nema a wurin ya fi ragin yuan biyu.

Yadda kake kiran mutum yana buɗe ƙofa. Mai rumfa, namiji ko mace, laoban ne, wato mai gida. Mace da ta isa ta haife ka ayi ce, kamar ka ce inna. Mai sana'ar hannu, mahauci ko mai gyaran keke, shifu ne. Ni hao gaisuwa ce, xiexie godiya, duoshao qian kuma nawa ne. Tsofaffin 'yan gari harshen Kanton suke yi a tsakaninsu, kuma idan ka ce musu m goi a wurin godiya, za ka ga fuska ta sake. Jimlar da za ka haddace da kyau ita ce keyi pai zhao ma, wato ko zan iya ɗaukar hoto. Ko lafazinka bai fita daidai ba, nuna kyamara da ɗaga gira suna cike gurbin.

Ka fara da kayan, kada ka fara da fuskar. Ka nuna tumatir ko kifin, ka nemi izini, ka ɗauka, ka juya kyamarar ka nuna wa mai shi. Mutum yana alfahari da kayan da ya jera tun duhun asuba, kuma ganin ka yaba su yakan sa shi da kansa ya gyara tsayuwa ya shigo cikin hoton. Wannan hoto na farko, mai yatsu biyu a sama da murmushin dole, ka ɗauke shi da zuciya ɗaya. Bayansa kada ka tafi. Ka koma gefe inda ba ka tare wa mai saye hanya, ka ci ayabarka, ka jira. Cikin 'yan mintuna wata za ta zo tana juya kifi tana ƙorafin farashi, mai rumfa ya manta da kai, hannunsa ya koma kan sikeli. Hoton da ka zo nema ke nan, kuma da izini ka same shi.

Su ma za su ɗauke ka. Wani zai fito da waya a fili, wani a sace. Idan abin bai wuce gona da iri ba, ina ganin ka yarda, ka ma tsaya kusa da shi a ɗauke ku tare, sannan ka nuna kyamararka ka nemi naka. Ramuwar gayya ce ta alheri, kuma da wuya wanda ya ɗauke ka ya hana ka. Idan kuwa wani ya wuce iyaka, kamar kai hannu jikinka, ka ja da baya ka girgiza kai ka wuce, ba ka bin kowa bashin haƙuri a kan wannan.

Wanda ya kaɗa hannu ko ya ce bu yao pai, yana nufin kada ka ɗauka. Ka sauke kyamara nan take, ka yi godiya. Idan ka riga ka ɗauka ya nemi ka goge, ka goge a gabansa. Masu rumfa suna da dalilansu: wani yana tsoron mai duba tsafta, wani ya baza kaya a inda jami'an kula da tituna suka hana, wata kuma kawai ba ta son a gan ta cikin rigar aiki. Kasuwa wuri ne da labari ke zagawa da sauri, kamar dai a Kantin Kwari. Yadda ka yi da mutum ɗaya, kafin ka kai ƙarshen layi kowa ya ji.

Washegari ka dawo a daidai lokacin, wurin mutanen nan dai. A rana ta uku ka daina zama abin kallo.

Haske da saitin kyamara

Cikin kasuwa haske gauraye yake: farin fitila a sama, ɗan rawaya a rumfar gasasshen nama, hasken rana daga ƙofa. A da, masu nama suna rataye jajayen fitilu, masu ganye kuma koraye, don kaya su yi kyau a ido, amma tun 1 ga Disamban 2023 hukumar kula da kasuwanni ta ƙasar ta haramta irin waɗannan fitilu. Duk da haka launin bai zama ɗaya ba, don haka ka ɗauka da tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, idan kyamararka ko wayarka tana da shi, ka gyara launi daga baya. Wajen gyaran ka sa ido a kan fatar mutum da farin tayil. Idan su biyun sun yi daidai, sauran ya bi.

Saurin ƙiftawar kyamara shi ne abin da ba za ka yi sassauci a kansa ba. 1/250 na daƙiƙa ya isa ga mai tafiya da mai miƙa canji. Ga sarar mahauci, kifin da ke fizge-fizge, ko keken da ke wucewa, ka hau 1/500. Ƙofar haske a cikin rumfa f/2.8 zuwa f/4, a waje f/5.6 zuwa f/8. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka bar shi ya hau da kansa har 6400. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa yana da magani, wanda ya girgiza ba shi da shi. Idan ka ga layuka masu duhu sun ratsa hotonka a ƙarƙashin fitila, ƙyaftawar wutar lantarki ce ta haɗu da ɗauka marar sauti. Ka kashe tsarin shirun, ko ka sauko 1/100 ka riƙe hannunka da kyau. Filasha kuwa ka kashe ta gaba ɗaya. Tana firgita mutane, tana kuma kashe tururi da ƙyallin ruwa, waɗanda su ne ran hoton.

A titi da rana akwai dabarar da ke rage ɓata lokaci. Da gilashin 28mm a kan kyamara mai cikakken firam, wato mai sensa daidai girman fim na 35mm, ka sa f/8, ka ɗaure fokas da hannu a kan mita biyu. Duk abin da ke tsakanin kamar mita ɗaya da kwata zuwa mita biyar zai fito tar, ba sai kyamara ta tsaya nema ba. A ƙarƙashin barandar qilou da lungunan Shipai, ka auna haske a kan wurin da rana ta buga, ka rage hasken hoton kamar mataki guda, ka bar inuwa ta yi baƙinta. Mai waya ya danna wurin mai haske ya riƙe har ya kulle, sannan ya ja alamar rana ƙasa kaɗan.

Tururi yana fitowa ne kawai idan haske yana bayansa kuma bango mai duhu ne. Mai yin changfen, wato shimfiɗaɗɗen ƙullun shinkafa da ake turarawa a faranti ana naɗewa, yana jawo farantin kusan kowane minti, kuma kowace jawowa gajimare ne. Ka zaga har ƙofar shagon ko fitila ta koma bayan tukunyar, ka ƙirga lokacin, ka danna kafin fuskarsa ta ɓace cikin hayaƙin.

Abin da ya cancanci ɗauka

Ka nemi wuri mai kyau ka tsaya, mutane su shigo maka. Bakin ƙofar kasuwa inda duhu ya haɗu da rana, kwanar da ke da tulin kwanduna, gaban shagon shayin magani mai ɗaci da 'yan gari ke sha don rage zafin jiki. Minti 20 a wuri ɗaya ya fi awa biyu na yawo. Ka riƙa gina hoto hawa uku: kaya a gaba, mai sayarwa a tsakiya, masu wucewa a baya. Ka durƙusa daidai tsayin teburin, domin daga tsaye kan mutane kawai da daɓe za ka samu.

Hannuwa suna ba da labari fiye da yadda ake zato, kuma ba sa buƙatar fuskar kowa: hannun da ke ɓare tafarnuwa, mai ɗaure ƙafar kaguwa da igiya, mai nuna lambar biyan kuɗi da aka manna a jikin sikeli, mai yin alamar shida da babban yatsa da ɗan ƙarami. Ka ɗauki faffaɗan hoto guda da ke nuna wurin duka, matsakaita da yawa, da na kusa kaɗan, don in ka zo jerawa labarin ya tashi.

Bayan kasuwa ta lafa, ka bi tsofaffin zuwa inda suke tafiya. Wasu gidan shayin safe suke nufa, irin su Taotaoju da Lianxianglou da suka faro tun ƙarni na 19, inda ake zama awanni da butar shayi da ƙananan kwanduna. Wasu lambun tafkin Liwan, inda ake rera waƙoƙin wasan gargajiya na Kanton, ana buga dara irin tasu, ana cilla ƙwallon gashin tsuntsu da ƙafa. Da magariba mata suna rawar motsa jiki a fili da lasifika, kwale-kwalen fasinja kuma suna tsallaka kogin Lu'ulu'u, wanda ya ratsa garin, a kan 'yan yuan kaɗan. Yara kuwa, komai kyawunsu, sai ka nemi yardar babban da ke tare da su.

Za ka ga naman alade a rataye, da kwaɗi, da kunkuru, da abubuwan da ba ma ci. Babu wanda ya tilasta maka ɗaukarsu, kuma idan ka ɗauka, ina roƙonka kada ka mai da su abin tsokana a intanet. Mun san zafin da muke ji idan baƙo ya zo garinmu ya tsallake komai ya ɗauki bola kaɗai. Kasuwannin ma sun canza: an takura cinikin namun daji bayan annobar SARS ta 2003, majalisar ƙasar ta haramta cin su a Fabrairun 2020, kuma an daɗe da hana sayar da kaji masu rai a tsakiyar birnin saboda murar tsuntsaye. Don cikinka kuma, ka nemi alamar qingzhen, wato halal, a shagunan taliyar Lanzhou da ke kusan kowace unguwa. A kewayen masallacin Huaisheng da ke titin Guangta, kusa da tashar Ximenkou, akwai mahautan Musulmi da gidajen abincinsu. Masallacin yana cikin mafiya tsufa a Sin, hasumiyarsa ta kai kimanin mita 36, kuma Musulmin ƙasar suna danganta kafa shi da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, duk da cewa littattafan tarihinmu sun ce a Madina aka binne shi.

Doka, da maganar Xiaobei

Kundin dokokin farar hula na Sin, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021, ya bai wa kowa haƙƙi a kan kamanninsa. Sashe na 1019 ya hana ɗauka ko amfani ko yaɗa hoton mutum ba da yardarsa ba, sashe na 1020 kuma ya yi togaciya, ciki har da inda mutum ya faɗo cikin hoton da aka ɗauka don nuna wani wurin jama'a. A aikace, faffaɗan hoton kasuwa ba shi da matsala, amma hoton da fuskar mutum ɗaya ce jigonsa yana son izini, musamman idan za ka wallafa, balle ka yi talla da shi. Ka nisanci barikin soja, shingen bincike, 'yan sanda a bakin aiki, hatsari da duk wani taron rigima. An faɗaɗa dokar hana leƙen asiri a Yulin 2023, kuma baƙo ba shi da ribar gwada iyakarta. Jirgi maras matuƙi yana buƙatar rajista da sunan mai shi, ka bar shi a gida. Idan jami'i ya tsayar da kai, ka miƙa fasfo, ka nuna hotunan, ka yi magana a hankali.

Xiaobei, a layi na 5, nan ne za ka ji Hausa da Faransanci da Larabci a titi guda, ga gidajen abincin Afirka da na Musulmin arewa maso yammacin Sin. Za ka ji kamar ka iso gida, hannunka ya yi ta ƙaiƙayin ɗauka. A nan ne ya kamata ka fi ko'ina taka-tsantsan. Jama'ar wurin sun sha kyamarar 'yan jarida, sun sha binciken takardu, kuma ba su manta da Afrilun 2020 ba, lokacin da aka fitar da 'yan Afirka da dama daga gidaje da otel-otel da sunan yaƙi da korona har gwamnatocin Afirka suka yi ƙorafi. Wani bizarsa ta ƙare, wani bai son a san inda yake sari. Ka yi sallama, ka zauna ka ci abinci, ka faɗi ko kai wane ne da abin da za ka yi da hoton. Wanda ya ce a'a, ko ɗan unguwarku ne, a'a ɗin ke nan.

Bayan ka dawo masauki

A daren ka kwafe hotunan zuwa wuri biyu, kwamfuta da wani katin ko faifai, tunda ma'ajiyar Google ba za ta buɗe ba. Ka rubuta sunan kasuwa, titi, lokaci da sunan abincin tun kana tunawa. Hoton allon titi da ka ɗauka a farkon kowane wuri zai taimake ka. Zaɓe kuwa ka bar shi ya kwana biyu, domin a ranar farko wahalar da ka sha wajen ɗauka ce take zaɓar maka. Daga ɗaruruwa ka fitar da 12 zuwa 15, ka jera su yadda ranar ta tafi, daga sauke kaya da asuba zuwa wanke daɓe da dare. Kada ka cika wa launi gishiri, jan barkono da koren ganyen sun isa yadda suke.

Kafin ka bar garin, ka mayar wa mutane hotunansu. Mai rumfa zai nuna maka lambar WeChat ɗinsa ka tura masa nan take, kuma a nan ne za ka rubuta masa ta manhajar fassara cewa kana son sa hoton a shafinka, ka ajiye amsarsa. Ga tsofaffi, ka nemi shagon wanke hoto a unguwar ka buga musu a takarda mai inci shida, ka kai musu da safe kafin ciniki ya kankama, lokacin da hannunsu bai jiƙe ba tukuna.